Shin laifi ne ka zagaya gari da waya kana tattara sunayen Wi-Fi na mutane?

Akwai manhajojin da za ka sa a wayar Android, ka kunna GPS, ka jefa wayar a aljihu ka hau Keke Napep. Kafin ka sauka, manhajar ta rubuta sunan kowace Wi-Fi da kuka gifta, da ƙarfin siginarta, da irin kullen da ke kanta, da wurin da take a taswira. Wadda ta fi suna ita ce WiGLE, da aka kafa rumbun bayananta tun 2001, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suna ta zuba masa abin da suka tattaro. Masu haɗa wa ofisoshi da otal-otal intanet suna amfani da irin waɗannan manhajoji don gano inda sigina ke mutuwa, ɗaliban kwamfuta kuma don koyo. To, me dokar Najeriya ta ce?

Sai mun fara da abin da wayar ke ji. Kowace rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) ko MiFi da ke kunne tana shelanta kanta a iska kusan sau 10 a cikin daƙiƙa ɗaya: ga sunana, ga lambata ta MAC (lambar shaidar da kowace na'ura ke da tata), ga irin kullena. An ƙera ta ne don ta yi hakan, in ba haka ba babu wayar da za ta same ta. Wannan shelar ce ke fito maka da jerin sunaye duk lokacin da ka buɗe Wi-Fi a wayarka. Abin da manhajar taswira ta ƙara kawai shi ne ajiye jerin tare da wurin da aka ji shi. Kamar mai tafiya ne a kasuwa yana rubuta abin da ke kan allunan shaguna, bai taka cikin ko ɗaya ba.

Dokar da ta fi shafar maganar ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, aka kuma yi mata gyara a 2024. Sashe na 12 shi ne kan gaba. Ya haramta wa mutum ya yi amfani da na'ura, da gangan kuma ba da izini ba, ya tare bayanan da ke kai-komo tsakanin kwamfutoci, har da siginar da ke fita daga cikinsu. Hukuncin ɗauri ne da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko a haɗa duka. Sai dai sashen ya ɗaure laifin da sharaɗi: bayanan su zama waɗanda ba a yi su don kowa da kowa ba. A fahimtata, shelar da rauta ke yi ba ta shiga nan ba, tunda don jama'a aka yi ta. Amma saƙon da mai gidan ya tura, da shafin da ya buɗe, da kalmar sirrin da ya rubuta, duk sun shiga, domin tsakaninsa ne da rautarsa.

Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Sai ka ji ana cewa, ai bai sa kalmar sirri ba, shi ya bar ta a buɗe. Wannan hujjar kamfanin Google ma ya kawo ta, bai sha ba. A 2010 kamfanin ya amsa cewa motocinsa na Street View, masu ɗaukar hoton tituna, ba sunaye da wuraren Wi-Fi kaɗai suka riƙa tattarawa ba: sun kwashi guntayen bayanan da ke wucewa ta Wi-Fi marasa kulle, cikinsu har da saƙonnin imel da kalmomin sirri. Hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci shi tarar yuro dubu 100 a 2011, ta birnin Hamburg a Jamus ta ci shi yuro dubu 145 a 2013. A shekarar kuma ya amince ya biya dala miliyan 7 don sasantawa da jihohin Amurka 38. A kotu ya ce bayanan da ke yawo a Wi-Fi mara kulle kowa na iya kama su, don haka dokar hana satar sauraro ba ta hau kansa ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta ƙi karɓar wannan a watan Satumban 2013. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma ya nuna yadda kotu ke kallon lamarin: sakacin mai gida bai zama izini ba.

Sashe na 6 kuma na shiga ne, wato kutse cikin kwamfuta ko hanyar sadarwar wani da gangan ba da izini ba. Ya danganta laifin da mugun nufi, yana farawa da ɗaurin da ya kai shekara 5 ko tarar naira miliyan 5, ya hau zuwa shekara 7 ko naira miliyan 7 idan an shiga ne don kwasar bayanai ko sirrin kasuwanci. Sashe na 28 ya taɓo kayan aikin kutsen kansu, da kalmomin sirrin da aka tanada don aikata laifi. Saboda haka, ranar da ka tashi daga rubuta sunan rauta ka koma gwada kalmomin sirri a kanta, ko ka sa manhajar fasa kulle, ka bar inuwar da kake ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba: ina taswirar za ta je? Mutanenmu suna son sa wa Wi-Fi sunansu, ko na 'ya'yansu, wani har da lambar waya. MiFi kuwa tana bin mai ita daga gida zuwa shago zuwa ƙauye, lambarta ta MAC ba ta sauya ba. Idan aka haɗa suna da lamba da wuri aka ɗora a intanet, an nuna ƙofar gidan mutum ke nan, a lokacin da masu garkuwa da mutane ke neman irin wannan bayanin ido rufe. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta lissafa bayanin wurin da mutum yake cikin abubuwan da ake iya gane shi da su. Ta yi wa mai tattarawa don amfanin kansa ko na gidansa sassauci, muddin bai keta sirrin wani ba. Wanda ya wallafa, ko ya sayar, ko yake yi wa kamfani aiki, ya fita daga wannan sassaucin, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa na da hurumin tambayarsa dalilin da doka ta yarda da shi.

Idan kai ne mai rauta, cire sunanka da lambarka daga sunan Wi-Fi ɗin, ka sa kullen WPA2 ko WPA3. Tun 2011 Google ya ce duk wanda ya ƙara _nomap a ƙarshen sunan, ba zai sa shi a rumbunsa na gano wuri ba, ko da yake wannan bai tilasta wa sauran masu tattarawa ba.

Idan kuma sana'arka ce gwada tsaron hanyar sadarwa, ka lura cewa sashe na 6 da na 12 duka a kan rashin izini suka rataya laifin. Kada ka yi aiki da "ai Alhaji ya ce in duba" ta fatar baki. Karɓi takarda da sa hannun mai wurin, mai ɗauke da sunan rautocin da aka yarda ka taɓa, da ranakun aikin, da abin da za ka yi da bayanan idan ka gama. Rautar maƙwabcinsa da siginarta ta shigo harabar ba ta cikin wannan izinin.