Jinkirin diyyar nakasa ga tsofaffin sojojin Amurka: ina takarda ke maƙalewa?

Sojan Amurka da ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a bakin aiki yana da haƙƙin kuɗin wata-wata daga ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, kuma ba a cire haraji a kuɗin. Jiran hukunci ne ke cin ran mutane. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Sai takarda ta yi kwana nawa ake cewa an yi jinkiri?

Ma'aikatar da kanta ta ja layi a kwana 125. Duk buƙatar da ta wuce haka ba a yanke mata hukunci ba, ta shiga sahun waɗanda suka maƙale. A watan Maris na 2013 irin waɗannan sun kai kusan 611,000. Lokacin fayil na takarda ne. A 2012 masu bincike sun tarar da fayiloli jibge a saman kabad a ofishin Winston-Salem, har ana tsoron nauyinsu ya fi ƙarfin daɓen benen. Da aka mayar da aikin kan kwamfuta, adadin ya sauko ƙasa da 100,000 a 2015, sannan ya sake haura 400,000 a farkon 2024.

Me ya sake tayar da cunkoson?

Dokar PACT, wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta, 2022. A lokacin yaƙi, a sansanonin Iraƙi da Afganistan an riƙa zuba shara a rami, robobi da tayoyi da batir, a watsa musu man jirgi a cinna wuta, sojoji suna shaƙar hayaƙin dare da rana. Dokar ta lissafa cututtuka sama da 20, irin su asma da wasu nau'o'in sankara, ta ce wanda ya yi aiki a wuraren da ta ambata ba sai ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo ba. Ta kuma saka hawan jini cikin irin waɗannan cututtuka ga waɗanda suka yi yaƙin Vietnam. Doka ce mai kyau, amma ta buɗe ƙofa ga jama'a masu ɗimbin yawa lokaci guda. A lura cewa Jibuti da Somaliya suna cikin jerin ƙasashen da ta zana, Nijar ba ta ciki. Wanda ya yi aiki a sansanin Agadez sai ya kawo hujjar abin da ya shaƙa.

A wane mataki takarda ta fi daɗewa?

Wajen tattara hujja. Abu uku ake nema: shaidar likita cewa kana da ciwon yanzu, shaidar wani abu da ya same ka lokacin da kake soja, da kuma bayanin likita da ya haɗa biyun. Na ukun ne ya fi kayar da mutane. Ba a buƙatar likita ya rantse. Ya isa ya rubuta cewa yiwuwar aikin soja ne sanadi ta kai kashi 50 cikin 100, ya kuma faɗi dalilinsa. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba sojan gaskiya.

Takardun asibitin kuɗi ma suna jan lokaci. In ka cike fom 21-4142, VA za ta rubuta wa asibitin ta zauna jiran amsa, wani asibitin kuma ba zai amsa ba. Gara ka je da kanka ka karɓo ka ɗora. Dattawa suna da wata matsalar daban: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji ta St. Louis a Yulin 1973 ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960. A nan shaidar abokin aiki da ya ga abin da ya faru, ko ta matar da ta ga yadda mijinta ya dawo, tana da nauyi. Ana rubuta ta a fom 21-10210.

Wani abin da mutane ba su sani ba: duk lokacin da ka aika sabuwar hujja bayan an wuce matakin tattara hujja, fayil ɗinka baya yake komawa. Tara komai ka aika gaba ɗaya.

To in tara komai zai ɗauki watanni, ba na yi asarar kuɗin watannin ba?

A'a, muddin ka fara da sanarwar niyya, fom 21-0966. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk harkar, kuma mintuna kaɗan yake ɗauka. Yana riƙe maka kwanan wata na shekara guda. A ce VA ta karɓi sanarwarka ranar 10 ga Maris, ka shigar da cikakken fom ɗin neman diyya, 21-526EZ, a Nuwamba, hukunci bai fito ba sai baɗi. In an amince, ariyas ɗinka daga 1 ga Afrilun bana za a ƙirga, a biya ka dunƙule. In ka bari shekarar ta cika ba ka shigar ba, kwanan watan ya tafi.

Wanda bai cire kaki ba tukuna yana iya shigarwa tun saura kwana 180 zuwa 90 a sallame shi. Wanda kuma ya shigar cikin shekarar farko bayan sallama, daga washegarin sallamar ake masa lissafi.

Gwajin likitan da ake kiran mutum fa?

Kada ka kuskura ya wuce ka. Galibi kamfanonin da VA ta ba kwangila ne ke kira, da lambar da ba ka sani ba, ko su aika wasiƙa tsohon adireshi. In ba ka je ba kuma ba ka da uzuri, buƙatar farko za a yanke mata hukunci da abin da ke cikin fayil kawai, buƙatar ƙarin kaso (wato ma'aunin nakasa cikin ɗari da ake biyan kuɗi da shi) kuwa watsi za a yi da ita. A ɗakin gwaji, sojoji sun saba cewa lafiya lau. Ba wurin jarumta ba ne. In likita ya ce ka sunkuya, tsaya daidai inda zafi ya fara ka faɗa masa, domin da ma'auni yake auna iya lanƙwasar gaɓa. Ka kuma bayyana yadda ranar da ciwon ya tashi take.

An ba ni kashi 50 a ciwon baya, 30 a gwiwa, amma jimilla 70. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Bayan 50 ɗin farko, saura 50. Kashi 30 na wannan ragowar 15 ne. Ya zama 65, sai a cike zuwa 70. Kada ka ɓata watanni kana ƙara a kan wannan.

In an ƙi amincewa, wace hanya ta fi sauri?

Tun Fabrairun 2019 hanya uku ce, kuma wasiƙar hukuncin ce za ta nuna maka wadda ta dace, don tana faɗin abin da aka amince da shi da abin da ya rage. In hujja ce ta gaza, kawo sabuwa da fom 20-0995. In hujja tana nan jami'i ne ya tsallake ta ko ya karkatar da doka, nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996. A nan ba a karɓar sabuwar takarda, amma kana iya neman a kira ka a waya ka nuna inda aka yi kuskure. Burin ma'aikatar a waɗannan biyun kwana 125 ne. Ta uku ita ce Hukumar Ɗaukaka Ƙara da fom 10182, inda alƙali ke dubawa. Neman zama gaban alƙalin kan ci shekaru, saboda haka kada a fara da shi in ƙaramar hanya za ta wadatar.

Kowace ka zaɓa, yi cikin shekara guda da hukuncin, tsohon kwanan watanka zai ci gaba da aiki. Bayan hukuncin Hukumar, kwana 120 ne kacal na zuwa kotun tsofaffin sojoji.

Akwai wanda ake shigar da shi gaban layi?

Akwai: mai shekara 85 ko fiye, mai ciwon ajali, wanda ba shi da matsuguni, wanda aka taɓa kamawa fursunan yaƙi, mai lambar Purple Heart ta waɗanda suka ji rauni a fagen daga, da wanda talauci ya yi wa katutu. Fom 20-10207 ne, a haɗa da shaida, kamar takardar tashi daga mai gida ko ta yanke wuta. Wanda jira ya kai shi ga tunanin kashe kansa ya kira 988 ya danna 1, kowane lokaci.

Ya kamata in biya wani ya bi mini?

A buƙatar farko doka ta hana karɓar kuɗi. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna yi kyauta, kuma wakilansu suna iya leƙa fayil ɗinka su ga inda ya tsaya. Lauya mai rajista da VA sai bayan hukuncin farko yake da ikon caji, yawanci kashi 20 na ariyas. Ka guji kamfanonin da ba su da rajista masu neman ninkin ƙarin da ka samu na watanni.

In sojan ya rasu yana jira fa?

Buƙatar ba ta mutu tare da shi ba. Matarsa, ko 'ya'yan da doka ta amince da su, suna iya maye gurbinsa da fom 21P-0847 cikin shekara guda da rasuwar, a ci gaba daga inda fayil ɗin ya tsaya.