Wasannin Dusar Ƙanƙara a Tsaunukan Alps a Lokacin Annobar Korona

Tsaunukan Alps jerin duwatsu ne masu tsawon kusan kilomita 1,200 da suka ratsa ƙasashe takwas na Turai, daga Faransa da Monako zuwa Sulobeniya, kuma ƙololuwarsu mafi tsayi, wato Mont Blanc, ta zarce mita 4,800. Daga Disamba zuwa Afrilu dusar ƙanƙara kan lulluɓe su, sai miliyoyin mutane su yi tururuwa zuwa can domin wasan zamiya, inda mutum yake ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga sama zuwa ƙasa. Garuruwa da yawa a yankin ba su da wata babbar hanyar samu da ta wuce baƙin hunturu, shi ya sa annobar korona ta 2020 ta taɓa su fiye da yadda ta taɓa wurare masu yawa.

Abin da ya faru a Ischgl

Ischgl ƙauye ne a jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya, mazaunansa kusan 1,600 ne, amma ya yi suna wajen shagalin da ake yi bayan an sauko daga kan dutse. Da yamma baƙi kan cika mashaya maƙil, ba masaka tsinke, suna sanye da takalman zamiyarsu, ana kiɗa ana ɗaga murya, tagogi kuma a rufe saboda sanyi. A ranar 5 ga Maris 2020 hukumomin Ayislan suka sanya ƙauyen cikin wurare masu haɗari, bayan wasu 'yan ƙasarsu sun koma gida da cutar daga can. Duk da haka sai ranar 13 ga watan ne shugaban gwamnatin Ostiriya na lokacin, Sebastian Kurz, ya ba da sanarwar killace kwarin Paznaun da ƙauyen yake ciki, baƙi kuwa suka fice a gurguje, cunkushe a cikin motoci, suka watsu zuwa ƙasashe daban-daban. Wani kwamiti mai zaman kansa ya bayyana a Oktoban shekarar cewa an yi manyan kurakurai wajen auna lamarin, kuma binciken Jami'ar Koyon Likitanci ta Innsbruck ya gano alamun kamuwa da cutar a jinin fiye da kashi 42 cikin ɗari na mazaunan da aka gwada.

Darasin Ischgl ya yi tasiri a kan matakan da suka biyo baya. Mai zamiya a fili yana cikin iska mai kaɗawa, fuskarsa a rufe, tsakaninsa da na kusa da shi akwai tazara. Matsalar tana wuraren da ake haɗuwa kafin wasan da bayansa: layin sayen tikiti, ɗakin cin abinci, mashaya, da akwatunan da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe suna hawa da mutane kan dutse, waɗanda manyansu kan ɗauki mutum ɗari ko fiye a tsaye, kafaɗa da kafaɗa.

Hunturun 2020 zuwa 2021

Ƙasashen yankin ba su yi magana da murya ɗaya ba. Shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta nemi a rufe wuraren zamiya a duk faɗin Turai har bayan bukukuwan ƙarshen shekara, Faransa da Italiya suka goyi baya, Ostiriya da Suwizalan kuwa suka ƙi. Faransa ta bar garuruwan a buɗe amma ta hana na'urorin hawa dutse aiki, haka kuma aka ƙare kakar. A Italiya an shirya buɗewa ranar 15 ga Fabrairu 2021, an share hanyoyin zamiya, an sayar da tikiti, an kira ma'aikata, sai ministan lafiya Roberto Speranza ya dakatar da shirin ana gobe za a fara, matakin da ya jawo suka saboda lokacin da aka zaɓa domin sanar da shi. Gasar zamiya ta duniya da aka yi a Cortina d'Ampezzo a watan ta gudana ba tare da 'yan kallo ba.

Ostiriya ta buɗe na'urorinta ranar 24 ga Disamba, amma otal-otal da gidajen abinci suna rufe, don haka 'yan gari ne kusan kaɗai suka amfana, kuma aka wajabta sa takunkumi mai inganci a cikin akwatunan. Suwizalan ta bar ƙofa a buɗe bisa sharaɗin izinin hukumomin jiha da rage yawan masu shiga rufaffun akwatunan zuwa kashi biyu cikin uku. A can ne, a garin Verbier, wasu baƙi daga Birtaniya da aka umarce su da killace kansu suka sulale cikin dare a ƙarshen Disamba.

Komawa ga hawa da ƙafa

Rufe na'urorin bai zaunar da mutane a gida ba. Bayan watannin kulle, jama'a sun ƙosa da iskar waje, sai suka koma ga hanyoyin da mazauna duwatsun suka sani tun kafin zuwan igiyar ƙarfe. Wasu suka ɗaura faffaɗan takalman da ke hana ƙafa nutsewa suka shiga dazuzzuka, iyaye suka riƙa jan yara a kan ƙananan kekunan zamiya na katako, wasu kuma suka rungumi zamiyar shimfiɗaɗɗen fili. Wanda ya fi jan hankali shi ne hawa dutse a kan allunan kansu. Ana liƙa wani ƙyalle mai gashi a ƙasan allon, gashin ya kwanta ta ɓangare ɗaya, yadda allon zai zame gaba amma ya ƙi komawa baya. A da fatar dabba ake amfani da ita, shi ya sa har yanzu fata ake kiransa. Mutum kan yi sa'a biyu ko uku yana hawa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyi, idan ya kai sama sai ya ɓare ƙyallen ya naɗe, ya ɗaure dugadugansa, ya sauko cikin 'yan mintoci.

Wannan hanya ta kawo nata haɗarin, domin tana fitar da mutum daga hanyoyin da ma'aikata ke gyarawa suna tsarewa, zuwa gangaren da dusar ke iya zaftarowa ta binne shi. Ƙasashen Turai suna auna haɗarin zaftarewa da ma'auni mai mataki biyar, kuma a Suwizalan cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos ce ke fitar da sanarwa a kai kowace rana. Ana so kowa ya ɗauki na'ura mai aika sigina, da doguwar sanda ta lalube, da shebur, domin wanda aka tono cikin minti goma sha biyar na farko galibi yakan rayu, bayan haka damar kan ragu da sauri. Sababbin shiga da yawa sun sayi kayan ba tare da sun koyi karanta yanayin gangare ba.

A hunturun da ya biyo baya na'urorin sun dawo aiki a duk yankin, akasari bisa sharaɗin nuna shaidar rigakafi ko ta warkewa daga cutar. Ischgl, wanda bai buɗe ko kwana ɗaya ba a kakar 2020 zuwa 2021, ya sake karɓar masu zamiya a Disamban 2021.