Sansami

Sansami itace ne na dajin ƙasar Hausa mai fure ruwan hoda. Masana tsirrai na kiran sa Stereospermum kunthianum. Yana fitowa da kansa tun daga Senegal har Habasha, ya gangara kudu zuwa Mozambik. A ƙasar Katsina ya fi yawa ta kudu, wajen Funtua, inda damina ta fi nauyi, sannan yana raguwa in an nufi Daura.

Suna

Bayan sansami, ana ce masa jiri, wasu kuma ɗan sarkin itatuwa. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya sa shi cikin sunayen tsirran Hausa da ya tattara aka buga a 1916. Sunan kimiyyar ya girmi wannan. Adelbert von Chamisso ne ya raɗa shi wajen 1832 ko 1833, don girmama masanin tsirrai na Jamus, Karl Kunth. Yawancin itatuwan da ke dangi ɗaya da sansami suna Asiya da Madagaska.

Kirarin sarautar ya zo da camfi. A wurare da dama mata ba sa girki da iccensa, wai hayaƙinsa na jawo kuturta. Babu hujjar likita a kan haka, sai dai camfin ya tsirar da itatuwa da yawa daga gatari.

Kamanni

Tsayinsa kan kai mita 5 zuwa 15, amma a arewa ba ya cika girma. Ɓawonsa toka-toka ne mai santsi, yana ɓarewa falle-falle. Yakan zubar da ganye da rani. Daga ƙarshen hunturu zuwa shigowar bazara, lokacin da daji ya yi fari fat, sai ya rufe da fure tun ganye bai fito ba. Furen kamar bakin algaita yake, da jajayen zane a ciki, yana da ƙamshi, zuma na son sa. Bayansa kwanso ke fitowa, siriri a murɗe, wani ya kusa rabin mita. In ya bushe sai ya tsage biyu, iska ta kwashe irin, mai fiffike a gefe biyu.

Dashe a lambu

Ba kasafai ake samun sa wajen masu sayar da dashe ba. Bedi (darbejiya) da itacen turare, waɗanda baƙi ne, su suka cika shingayen kare iska da aka yi a Katsina tun ƙarshen shekarun 1980. Irin sansami ba ya daɗewa da rai, kuma ba duka ke tsira ba, don haka an fi dogara ga tohon da ke fitowa daga saiwa. Akan haƙa gefen uwar da farkon damina, a yanko tohon haɗe da guntun saiwarsa, a sa a leda har ya kama.

A lambun itatuwa, bakin fili ya dace da shi, gefen ɗorawa ko tsamiya, ba ƙarƙashinsu ba, domin cikin inuwa furen ba ya yawa. Yana son ƙasar da ba ta riƙe ruwa. A jigawar Daura, inda ruwan shekara ke wajen milimita 600, sai an yi masa ban ruwa a rani biyu na farko, an kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Tohon saiwa kan ɓullo nesa da gindi, mai lambu ya riƙa cirewa.

Magani

Masu maganin gargajiya na dafa sassaƙensa don tari, atini da wankin miki. Akan tauna kwanson da gishiri don tari. Yawan sassaƙa ta kowane gefe na kashe itacen.