Fadar Blenheim: Tambayoyin Mai Shirin Ziyara

A Ingila akwai tsofaffin gidajen manya da aka adana aka buɗe wa jama'a, mutum ya yanki tikiti ya shiga ya ga yadda masu sarauta suka ci zamaninsu. Blenheim, wadda mutanen wurin ke furtawa "Bilenim", na cikin waɗanda suka fi suna.

Ina take, kuma ta wane sarki ce?

A garin Woodstock take, kimanin kilomita 13 daga Oksfod. Daga Landan jirgin ƙasa zai kai ka Oksfod cikin awa guda ko da 'yan mintoci, sai ka hau bas ya sauke ka kusa da ƙofa. Ana ce mata fada, amma ba ta sarki ba ce. Gidan masu sarautar Duke na Marlborough ne, kuma har gobe iyalin na da ɓangarensu a ciki.

Me ya sa aka gina ƙaton gida haka?

Tukwici ne. A 1704 Janar John Churchill, Duke na farko na Marlborough, ya jagoranci sojojin Ingila da ƙawayenta suka ci Faransa da yaƙi kusa da ƙauyen Blindheim (Blenheim a bakin Ingilishi, inda fadar ta samo sunanta), a Jamus ta yau. Sarauniya Anne ta ba shi fili, gwamnati ta ɗauki nauyin gini, aka sa harsashi a 1705. Sai dai Sarah, uwargidan janar, ta ɓata da sarauniya, kuɗi suka tsaya a 1712, daga baya iyalin suka ƙarasa da aljihunsu wajajen 1722. Sarah ba ta ga maciji da mai zanen ginin, John Vanbrugh. Da ya zo ganin aikinsa a 1725, a bakin ƙofa aka tare shi.

Har yau akwai "kuɗin haya" da gidan ke biya: tutar Faransa guda ɗaya da ake aika wa Sarkin Ingila kowace shekara.

Me zan gani a ciki?

Tun kafin ka shiga, ɗaga kai a rumfar babbar ƙofa. Za ka ga idanu shida a zane suna kallon ka daga sama, aikin da wata matar gidan ta sa aka yi a shekarun 1920. Zauren farko tsayinsa ya kai mita 20. Daga nan sai jerin ɗakuna da manyan saƙaƙƙun kyallaye a bango, ɗaya na nuna kwamandan Faransa, Tallard, yana miƙa wuya. Ɗakin littattafai kuwa tsawonsa kusan mita 55 ne.

Amma inda mutane suka fi cincirindo wani ɗan ɗaki ne marar ƙawa, inda aka haifi Winston Churchill, jikan gidan da ya zama firaministan Birtaniya, ranar 30 ga Nuwamba, 1874. Mahaifiyarsa baƙunta ta zo, naƙuda ta kama ta.

To lambun fa, ya cancanci a ɓata lokaci a kansa?

A ganina shi ne ma ziyarar. Ɗakunan, in ka ga biyar ka ga sauran: zinariya, madubi, hotunan kakanni. Waje kuwa fili ne na kusan eka 2,000. Ka tsaya a tudu ka hangi tafki kwance, gadar dutse a tsakiyarsa, itatuwa tsibi-tsibi, tumaki na kiwo, sai ka rantse haka Allah ya halicci wurin. Alhali kusan duk aikin hannu ne. A shekarun 1760 Lancelot Brown, wanda ake wa laƙabi da "Capability", ya datse ƙaramin kogin Glyme ya mai da shi tafki. Gadar kuwa ta girmi tafkin. Vanbrugh ya gina ta da ɗakuna a cikinta kan ruwan da bai taka kara ya karya ba, har ana yi masa ba'a. Da ruwa ya taru ya shanye ƙasan gadar, sai girmanta ya zo daidai.

Kusa da ginin akwai lambun maɓuɓɓugan ruwa da aka tsara a shekarun 1920. Can gaba akwai ɗan ɗakin hutawa inda Churchill ya nemi auren Clementine a 1908. Masu yara su hau ɗan ƙaramin jirgin ƙasa zuwa shingen shuke-shuke mai ruɗa hanya.

Da me ake riƙe gida irin wannan?

Da kuɗinka. Rufin kaɗai ya isa ya talauta mai shi. A 1895 sai da Duke na 9 ya auri Consuelo Vanderbilt, 'yar attajiran jiragen ƙasa na Amurka, aka gyara gidan da dukiyar ubanta. Auren dole aka yi mata, kuma bai yi ƙarko ba. Tun 1950 aka buɗe wa masu tikiti, a 1987 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yanzu har bukukuwa da nune-nune ake yi a ciki. A wani nunin ne, cikin Satumban 2019, ɓarayi suka ɓalle masai na zinariya suka yi awon gaba da shi.

Wane shiri zan yi?

Ware yini guda. Sa takalmin da zai jure taɓo, ka riƙe rigar ruwa ko da gari ya waye tas. In da hunturu ne ka yi sammako, don ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara shiga. Ana iya zuwa da guzuri a baje a kan ciyawa. In ƙafa ta ba ka dama, taka zuwa ƙauyen Bladon da ke maƙwabtaka, inda aka binne Churchill a 1965 a farfajiyar wani ƙaramin coci.