Malaman sakandare: tambayoyin da na gaji da amsawa

Iyaye suna yi min waɗannan tambayoyi, ɗalibai suna yi, har sababbin malamai da ya kamata a ce sun sani su ma suna yi. Ga su nan na tattara. Duk wanda ya sake tare ni da ɗaya daga ciki, wannan rubutun zan miƙa masa.

Malamin sakandare kowane darasi yake koyarwa?

A'a. A firamare ne malami ɗaya kan riƙe aji ya koyar da kusan komai. A sakandare kowa da fanninsa. Wani kan haɗa biyu masu dangantaka, kamar Lissafi da Fizik, ko Tarihi da Labarin Ƙasa. Iyakarta ke nan.

Ai da an kaɗa ƙararrawar tashi kun gama aiki ko?

Wannan ce ta fi ɓata min rai. Ɗauki biro ka yi lissafi da kanka. Malami yana da aji biyar, kowane aji ɗalibai 40, ya ba su gwaji ɗaya. Takarda 200 ke nan. Ko minti biyar-biyar ya ba kowace takarda, ya cinye sama da awa 16, kuma bai shigar da makin a rajista ba, bai shirya darasin gobe ba. A wane lokaci kake jin yana yin wannan? Da daddare ne, da jan biro a hannu, bayan kai ka yi barci.

OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da galibin ƙasashenta masu arziki ne, ta yi bincike a kan malamai a 2018. A lokacin, a ƙasashenta malamin ƙaramar sakandare yana aikin wajen awa 39 a mako, amma ɗan abin da ya haura rabi ne kawai yake yi a gaban allo. A Japan adadin ya kai awa 56.

Wane karatu ake buƙata?

Galibi digiri a fannin da za ka koyar, da shaidar horon koyarwa. Wasu ƙasashe sun fi tsanantawa, a Finlan sai da digiri na biyu. Kuma don Allah a daina cewa wanda ya iya Lissafi ya iya koyar da shi. Sani daban, iya fahimtar da yaro ɗan shekara 14 daban.

Me ya haɗa malamin Lissafi da horar da 'yan ƙwallo?

Rashin wani wanda zai yi. Yawancin makarantu ba su ɗauki ma'aikaci na musamman don ƙungiyar muhawara, ko kacici-kacici, ko wasan kwaikwayo, ko 'yan sikawut, ko mujallar makaranta ba. Malaman nan dai su ake raba wa. Ga riƙon aji da kiran suna, ga tsayuwa a ƙofa ranar da juti ya zagayo kanka, ga sa ido lokacin jarrabawa, ga raka yara gasa ranar hutu. A wancan binciken, malaman Japan suna ba irin waɗannan ayyuka wajen awa bakwai da rabi a mako, fiye da na kowace ƙasa. Idan ɗanka ya dawo da kofi, ka tuna akwai wanda ya bar iyalinsa ya tsaya a bakin fili da usur.

Ni sabuwar malama ce. Bayoloji na karanta, amma an haɗa min da Kemistiri, an kuma ce ni zan riƙe ƙungiyar muhawara. Zan iya cewa a'a?

To, malama, zauna, wannan ba ta da amsa ɗaya.

Ki fara ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta. Da yawa akwai jimlar da ke cewa za ki yi duk wani aiki da shugaban makaranta ya ba ki. Idan tana nan, ƙin yi kai tsaye zai iya zama laifi, musamman in har yanzu kina lokacin gwaji ba a tabbatar da ke ba. Dokoki kuma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, makarantar gwamnati da ta kuɗi ma ba ɗaya ba ne. Wani wurin ana biyan alawus a kan ƙarin aiki, wani wurin sannu ma ba za a ce miki ba. Ki tambayi wakilin ƙungiyar malamai na makarantarku kafin ki yi magana da kowa.

Sannan ki raba maganar gida biyu, don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Muhawara, a ganina, ki karɓa. Ba a karanta ta a jami'a, duk a bakin aiki muka koya: ki ba su maudu'i, ki riƙe agogo, ki hana su zagin juna. Cikin zango ɗaya za ki gane kanta, kuma a nan za ki ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya miƙe ya zuba hujja har ki riƙe baki.

Kemistiri ne abin dubawa. Idan ƙananan azuzuwa ne, wataƙila za ki iya, tun da ai kin taɓa shi a jami'a, matuƙar za ki riƙa gaba da yaran da babi biyu ko uku kuma akwai tsohon malamin fannin da za ki riƙa tuntuɓa. Idan kuwa ajin ƙarshe ne masu fuskantar jarrabawar fita, ni ba zan ba ki shawarar ki yi shiru ba, don alhakin yaran zai hau kanki. Inda babu sassauci shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Wanda bai san cewa asid ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba ruwa a cikin asid ba, bai kamata a bar shi da yara 40 da kwalabe ba. Haka ma iyo, ko doguwar tafiya da ɗalibai ba tare da wanda ya san taimakon gaggawa ba. Duk abin da ya shafi lafiyar yara, ki ce ba ki da horo a kai, kuma ki faɗa a rubuce, ki ajiye kwafi.

Sauran kuwa ciniki ne. Maimakon "ba zan yi ba", ki ce za ki yi na zango ɗaya a sake dubawa, ko a rage miki darasi biyu a jadawali, ko a haɗa ki da wani. Akwai shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 1966 kan matsayin malamai, sun ce ayyukan wajen aji kada su yi wa malami yawa har su hana shi ainihin aikinsa. Kina iya ambata, amma ki sani shawara ce, ba doka ba, kuma ba kowane shugaba ne ke son a karanto masa takarda ba. Ki duba mutumin da ke gabanki tukuna. Kada kuma ki tsorata, kusan kowannenmu da haka ya fara.

Na ji malamin 'yata yana kiwon zuma da gyaran tsofaffin rediyo. Wannan ba zai raba masa hankali ba?

Lokacinsa ne, ina ruwanka? Malamin da yake da abin da ke faranta masa rai bayan aiki ya fi zuwa aji da sakin fuska. Gregor Mendel yana koyarwa a wata sakandare a birnin Brno na ƙasar Czech ta yanzu lokacin da yake ta dashen wake a lambu yana ƙirga irin da ya fito, aikin da ya wallafa a 1866 ya zama tushen ilimin gadon halitta. Sau biyu ma ya kasa cin jarrabawar zama cikakken malami. Georg Ohm, mai dokar lantarkin nan da 'yarka ke haddacewa, malamin Lissafi da Fizik ne a wata sakandare a Kolon ta Jamus. Konstantin Tsiolkovsky kuwa yana koyar da yara a garin Kaluga na Rasha ya fitar da lissafin tashin roka a 1903. Ban ce mai zumar nan zai zama ɗayansu ba, amma ka bar shi ya sarara.

Ku kuma malamai, ga gargaɗi: ku yi hattara da bayyana abin sha'awarku a ofishin malamai. Ranar da aka ji kana ɗaukar hoto, ka zama mai hoton makaranta har ka yi ritaya, kyauta.

Ɗana ya tsani Lissafi saboda malamin. A canza masa aji?

Kafin nan, kin buɗe littafinsa kin ga ko yana yin aikin gida? Je ki ga malamin tukuna, ba shugaba ba. Sau da yawa babi ɗaya ne ya wuce yaron, daga nan komai ya rikice masa, sai ya ɗora wa malami. Ana gyara wannan cikin 'yan makonni. In kuwa duka ne ko cin mutunci, wannan wata magana ce, ki kai ƙara nan take.

Me ya sa malamai ke barin aikin?

Albashi, cunkoson aji, da aikin da ba a lissafa shi a matsayin aiki. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, kuma kaso mai tsoka na wannan giɓi maye gurbin waɗanda suka tafi ne.

Yaushe ne ranar malamai ta duniya?

5 ga Oktoba, tun 1994.

Zan iya kiran malamin ɗana da ƙarfe goma na dare in tambayi sakamako?

A'a. Ka bari gari ya waye.