Waiwaye: Me ya sa ruwan Gongola bai taɓa yi mana niƙa ba?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dukku ko Yamaltu Deba a jihar Gombe ya san layin kwanuka da bokitai a ƙofar mai injin niƙa da hantsi, yara na jiran a zo kansu, shi kuwa gari ya yi masa fari fat har gashin ido. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin niƙan mudu ya shiga jerin abubuwan da ake ƙorafi a kai a gidaje. To amma ga kogin Gongola yana ratsa ƙasar nan, alhali a wasu ƙasashe niƙa aikin ruwa ne tun zamanin da.

Dabarar ba ta da wuya. Ruwa mai gudu ya bugi wata ƙatuwar ƙafa ta katako, ta juya, ita kuma ta juya dutse a kan dutse. Hatsi na zuba ta tsakiya, gari na fita ta gefe. Rumawa sun ƙware a kanta: a Barbegal, kusa da garin Arles a kudancin Faransa, sun jera ƙafa 16 a gangaren tudu a ƙarni na 2. Ƙidayar da aka yi a Ingila a 1086 ta samu irin waɗannan wuraren niƙa sama da 5,000. Ko a birnin Fas na Maroko, a da da ruwan kogi ake niƙa alkama.

A nan ba a rasa kogi ba. Gombe Abba, inda Buba Yero ya kafa masarauta, a bakin Gongola take, haka ma Nafada da hedikwatar masarautar ta koma daga baya, kafin a dawo Gombe ta yanzu a 1919. Matsalar halin ruwan ne. Da damina ya yi ambaliya ya kwashe duk abin da aka kafa masa a baki, da rani ya janye, ƙananan rafuka su zama rairayi. Kuma daidai lokacin da rumbu ya cika bayan kaka ne ruwan ke tafiya.

Sannan hatsinmu ba alkama ba ne. Gero da dawa sai an yi surfe a turmi, a sheƙe dusa, a wanke, a shanya, kafin a kai ga gari. Rabin aikin na taɓarya ne. Sauran ya faɗa kan dutsen niƙa: mace ta durƙusa tun asuba, tana tura ɗan dutse gaba da baya, tana rera waƙar niƙa, wadda sau da yawa habaici ce ga kishiya ko maigida. In dutsen ya yi sulɓi a ɗauko makoɗi a koɗa shi. A ganina wannan ma dalili ne babba: tunda wahalar a kan mata take, kuma ba biyansu ake yi ba, babu wanda ya matsu ya nemo mata sauƙi.

Saboda haka daga hannu sai muka tsallaka kan injin gas kai tsaye. Bayan 'yancin kai, da hanyoyin mota da layin dogo suka iso, injinan Lister da ire-irensu suka bazu daga birni zuwa kasuwannin ƙauye, ƙananan injinan markaɗe masu shan fetur suka biyo baya. Dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, sai ɗan markaɗen kayan miya. Tsofaffi dai har gobe suna cewa tuwon garin dutse ya fi daɗi, amma ban ga wadda ta nemi a maido mata da shi ba.

Ruwan Gongola ya juya ƙafa daga ƙarshe, sai dai ta ƙarfe. An gina madatsar Dadin Kowa a shekarun 1980, amma aka shafe fiye da shekara 30 kafin injinanta masu megawat 40 su fara ba da wuta. Wutar kuma babban layin ƙasa take shiga, ba shagon niƙa ba. Mai inji a ƙauyen da ke kallon madatsar har yanzu da jarka yake sayo gas, kuma duk ranar da lita ta tashi, mai kawo mudu ce ke biya.