Idan ɗan ciki ya rage motsi a watannin ƙarshe

Wane ciki ne likitoci ke kira mai haɗari?

Cikin mai hawan jini, ciwon suga ko sikila, cikin tagwaye, da na wadda ta taɓa haihuwa ɗan bai zo da rai ba. Haka ma wanda ya haura sati 41. A irin waɗannan, mabiyiya kan gaza kai wa yaro isasshen abinci da iska.

Me uwa za ta iya yi daga ɗakinta?

Ai ita ke riga kowa sani. Daga sati 28 ta lura da lokacin da ɗanta ya saba motsi: wani bayan tuwon dare, wani da asuba. Ranar da ta ji shiru, ta kwanta ta gefen hagu, duk motsi ɗaya ta jefa ƙwayar wake a murfin kwano. In awa biyu ta cika wake bai kai goma ba, sai asibiti, ko da tsakar dare ne.

To ba an ce yaro kan lafa in haihuwa ta matso ba?

Wannan magana ta cuci mata da yawa. Wuri ne ke yi masa kaɗan, shuri ya koma juyi da miƙa, amma motsin bai kamata ya ragu ba. Yaron da iska ta yi wa ƙaranci shi ke lafawa don tattalin ƙarfinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai cikin fari: kunya ta hana ta gaya wa uwar miji, in ta daure ta faɗa kuma a ce "ciki ne ya kwanta", a jiƙa mata magani.

Me ake dubawa a asibiti?

Malamar awo za ta auna jini da fitsari, ta gwada tsawon ciki da tef, ta saurari zuciyar yaro. Lafiyayyen bugu 110 ne zuwa 160 a minti. In ta yi shakka, akwai na'urar da ake ɗaura wa ciki, ta zana bugun a takarda na kamar minti 20. Hoton ciki kuma ya nuna girman yaro, yawan ruwa da gudun jini a cibiya. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da su ba, shi ya sa akan tura mace daga Jega ko Argungu zuwa Birnin Kebbi.

In an ga matsala fa?

Wani lokacin a kwantar da ita ana lura, wani lokacin a sa ruwan naƙuda ko a yi aiki a ranar. Don haka maigida ya ba da izinin fita tun yanzu, ya bar kuɗin mota a hannunta kafin ya wuce fadama.